Man sheƙin mota a ƙasar ƙura: yadda nake haɗa shi da yadda nake kai shi lunguna

Motar da ke kwana a gareji ta wuni a kan kwalta daban, motar da ke shigo mini wanki a bakin titin Gumel zuwa Maigatari daban. Masu zuwa wurina su ne Golf da Sharon da Hilux da bas ta haya, rabin tafiyarsu a kan burji da yashi. Idan ka ɗauki man sheƙi, wato man da ake shafa wa taya da robobin mota don su yi ƙyalli, yadda ya fito daga shago ka fesa wa irin wannan mota har ya riƙa tsiyaya, za ta bar wurinka tana walƙiya, amma kafin direba ya sauke kaya a kasuwar Alhamis ƙura ta manne wa taya da bamba kamar ƙuli a jikin tsire. Saboda haka aikina a nan biyu ne: in rage wa man maiƙo kafin in taɓa mota da shi, sannan in kai shi inda ake buƙata ba tare da ya taru a lungu ba.

Man iri biyu ne, kuma raba su ba wuya. Ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwa. Wanda ya narke ya mai da ruwan fari kamar madara, na ruwa ne, silikon ne, wani sinadari mai santsi, aka dama da ruwa, kuma shi ne ke karɓar sirki. Wanda ya taso sama yana yawo, na mai ne, an narkar da silikon ɗin a cikin wani abu dangin kananzir, yawanci garai-garai yake, warinsa kuma yana da ƙarfi. Na gwangwanin feshi da direbobi ke ajiyewa a aljihun ƙofa galibi wannan ne. Ya fi ƙyalli, ya fi jure ruwan sama, amma ya fi kama ƙura, kuma idan ya taɓa farar robar da ke rufe da agogon gudu yana iya dusasar da ita. Ni ba na shigar da shi cikin mota ko kaɗan. Da damina kawai nake ɗan amfani da shi a gefen taya.

Na ruwan ma sai ka karanta rubutun da ke jikin gorarsa. Akwai mai kauri da aka yi don a sirka, akwai wanda an riga an sirka shi tun daga kamfani. Na biyun idan ka ƙara masa ruwa da yawa ba abin da zai rage. Mai kaurin nake saya idan na shiga Kano, in raba shi gora uku ta rabin lita, kowace da rubutu a jikinta. Ta taya: mililita 250 na mai, 250 na ruwa da damina, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, nakan mayar da shi 160 na mai, 320 na ruwa. Ta robobin waje da cikin injin: 125 na mai, 375 na ruwa. Ta cikin mota: 80 na mai, 400 na ruwa. Awon da sirinji mai cin mililita 20 nake yi, wanda aka cire wa allura, domin awon murfin gora yau daban gobe daban, musamman idan yaro ka sa.

Ruwan da ake sirkin da shi ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wasu garuruwanmu yana da nauyi, shi ne wanda idan ya bushe a gilashi yake barin farin tabo. Irin wannan ruwa yana tsinka haɗin, ka ga ya yi gudaji-gudaji a gindin gora, idan kuma ka shafa ya bar zane fari a baƙar roba. Ruwan leda ya wadatar. Wanda ke ɗiga daga bayan AC na ɗaki ya fi shi, idan kana da inda za ka tara ka tace. Kada ka haɗa fiye da abin da zai ƙare a mako biyu, domin maganin da ke hana shi ruɓewa ma ya sirku, zafin Afrilu kuma ba ya barin komai. A inuwa ake ajiye shi, a girgiza kafin a zuba. Idan warinsa ya juya zuwa tsami, zubarwa za a yi.

Akwai abubuwan da ake shafawa a garejojinmu da ban yarda da su ba. Man birki yana sa taya ta yi baƙi wuluk, amma ɗigo ɗaya idan ya zauna a jikin fenti zai ci shi. Baƙin mai da gas suna kumbura roba, su tausasa ta, ga kama ƙasa. Basilin a robar ƙofa ma haka, domin daga man fetur aka samo shi, irin robar da ake yin bakin ƙofa da ita kuwa ba ta shiri da man fetur. Gilisirin da aka sirka da ruwa ba ya cutar da roba, sai dai yana da danƙo, kuma ruwa na taɓa shi ya tafi. Ga motar ɗaukar amarya da za ta yi awa uku a cikin gari, to, babu laifi.

Duk kyan haɗi, a kan datti ba ya zama. A lunguna kuwa ƙa'idar ita ce a fitar da ƙura tun tana busasshiya. Wanda ya fara watsa ruwa a ƙofofin AC ko a ramukan da ke gindin waifa ya kwaɓa taɓo ne a inda hannunsa ba zai kai ba. Iska nake fara sawa, daga injin mai faci ko famfon keke, burushi busasshe yana bi yana tayar da ƙurar. Bayan nan sabulun ruwa: kashi 1 cikin 10 na ruwa a cikin mota, kashi 1 cikin 4 a taya. Taya sai an dirje ta da burushi mai tauri har kumfar ta daina fitowa ruwan ƙasa ta dawo fara. Wannan jan ba ƙasa ce kaɗai ba. Masu yin taya suna zuba wani sinadari a cikin robar don kada iska ta tsattsaga ta, yana fitowa sama a hankali, idan ya haɗu da iska sai ya koma ja. Ka shafa mai a kansa, gobe jan ya dawo ta ƙarƙashi. Tsohuwar taya takan ci dirza biyu ko uku.

Sai bushewa. Gindin madubi, ragar gaba, hannun ƙofa da bayan lamba duk suna ɓoye ruwa. Ka gama shafa mai, mota ta motsa, ruwan ya gangaro ya ja layi a kan aikinka. Nakan sake bin waɗannan wurare da iska kafin in buɗe gora. Kuma a inuwa, sai robar ta huce har tafin hannu zai iya zama a kanta. A kan roba mai zafi ruwan haɗin yana ƙonewa kafin ka baje shi, sai ya yi dabbare-dabbare.

Kayan shiga lungu ba sai an saya daga waje ba. Burushin fenti mai faɗin inci 1, in rage tsawon gashin da almakashi zuwa rabi don ya yi ɗan ƙarfi, in naɗe ƙarfen wuyansa da baƙin salatif na masu wayarin, domin wannan ƙarfen shi ke karce fenti. Burushin kwalliya na mata, mai laushi, na cikin mota. Soson katifa da na yanka da reza gida uku: mai faɗi na taya, mai baki kamar gatari na tsagi, da siriri kamar yatsa. Tsinken tsire da aka gutsure wa tsini, a naɗa masa ƙyallen tawul. Tsohon katin ATM, shi ma a lulluɓe shi da ƙyalle. Sai guntun kwali na kariya. Kowane burushi da gorarsa. Na taya ba ya hawa dashbod.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne man ba ya zuwa jikin mota kai tsaye. A kan burushi ko soso nake ɗiga shi, in dangwala a tsumma in rage, sannan in taɓa robar. Feshi ba ya zaɓen wuri: rabi a roba, rabi a gilashi da fenti, sauran ya shige can ciki ya zauna yana jiran ƙura.

Ɗauki ƙofofin AC. Ɗigo biyu ko uku a burushin kwalliya sun isa ƙofa guda. Ka kwantar da fikafikan ƙasa ka bi samansu, ka ɗaga su ka bi ƙasansu, sannan kusurwoyi huɗu da tsinken nan mai ƙyalle. Ka koma da busasshen ƙyalle a kan katin ka zura tsakanin kowane fiffike biyu. Idan ka bar danshi a nan, iskar da ke fitowa tana ɗauke da ƙura, cikin kwana kaɗan bakin kowane fiffike zai yi jan layi, kuma wanda ke zaune a gaba shi yake fara gani. Haka tsagin da ke kewaye da rediyo da maɓallan gilashi, sai dai a nan burushin kusan busasshe ne, domin ruwa idan ya gangara ƙarƙashin maɓalli matsalar mai wayarin ce.

Saman dashbod kuwa sau ɗaya nake wucewa da haɗin cikin mota, in goge har ƙyallin ya mutu. A nan muke yawan ja-in-ja da direbobi. "Malam, ai ba ka sa masa komai ba." Nakan ce, "Alhaji, hau ka zauna, ka dubi gilashin gaba." Dashbod mai ƙyalli hotonsa yake jefawa a gilashi, kuma duk wanda ya taɓa tasowa daga Haɗeja zuwa Kano da la'asar sakaliya, rana tana cikin idonsa, ya san abin da wannan ke nufi. Ga shi idan rana ta gasa mai mai yawa, tururinsa yana hawa gilashi ta ciki ya yi hazo, da dare fitilar mai zuwa ta watsu a kai.

A waje, wurin da ya fi cin lokaci shi ne baƙar robar da ke gindin gilashin gaba. Nakan ɗaga waifa, in jingina kwali a jikin gilashi, in bi ragar da burushin fenti a tsaye, ina dangwalawa maimakon ja, don gashin ya shiga ramuka. Silikon idan ya taɓa gilashi ko robar waifa, ranar da aka yi ruwa waifa za ta riƙa tsalle tana shafa maiƙo. Idan ya taɓa, sifirit na kemis a tsumma mai tsabta yana ɗauke shi. Ruwa zalla baza shi kawai yake yi. Ragar gaba mai ƙananan ramuka, soso siriri, rami-rami, ba gajeriyar hanya. Gindin madubi da siririyar robar gefen ƙofa, soso mai bakin gatari, kwali yana kare fenti. Idan wani ya taɓa goga folish ɗin fenti ya bar fari a cikin ƙurajen roba, kilinar fensir tana cire shi, amma kafin a sa mai, ba bayan an sa ba.

Robar bakin ƙofa tana son haɗin waje a ƙyalle, a zagaya, har cikin ninkin da ke bayanta inda yashi ke kwanciya, sannan a goge sosai don kada ta ɓata wa mutum farar shadda wajen shiga. Hanyar da gilashi ke hawa da sauka, inda take da gashi-gashi, burushi busasshe kawai.

Taya tana da lunguna uku: cikin rubutu, ƙananan layukan gefe, da inda roba ta haɗu da wili. Soso yana bi ta samansu ya wuce, ko kuma ya matse mai ya cika su. Wanda ya cika su shi ne ke fantsama a ƙofa da bamba idan mota ta ɗauki gudu, a farar mota ya bar ɗige-ɗige masu wuyar fita. Da burushi nake bin waɗannan, in bar shi minti 10 zuwa 15, in goge da tsohon tsumma. Sannan a tura motar gaba rabin juyi, domin wurin da ke ƙasa ba ya samuwa sai an juya. Gwajina farar takarda ce: in danna a gefen taya, idan ta ɗauko maiƙo, da saura.

Inda ba na kai mai ko an roƙe ni: sitiyari, kan giya, totur da birki da kuloci, tabarmar ƙafar direba, fuskar taya da ke taka ƙasa, da faifan birki. Tayar babur ko gefenta ba na shafawa, domin da gefen yake kwanciya a kwana, haka ma sirdinsa. A cikin injin, sai ya huce, a kashe, haɗin a ƙyalle, a bi tiyo da murafun roba. Fambel idan ya sha silikon zai riƙa santsi yana kuka. Bakin da injin ke shaƙar iska kuma nakan toshe shi da tsumma, saboda silikon da ya bi iska ya ƙone a injin yana lalata sensa, wato na'urar da ke auna hayaƙi a jikin salansa. Idan mota za ta je wurin mai fenti a makon, ba na sa mata komai. Silikon yana sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka ya ƙi kwanciya.

Bambar tsohuwar Golf da rana ta riga ta mayar toka-toka, mai zai baƙanta ta na ɗan lokaci ne kawai, wanki biyu ko uku ta koma yadda take. Wasu suna bi ta da wuta, ta yi baƙi nan take, amma maiƙon cikin robar suka jawo sama, bayan wata kaɗan ta fi da fari, ta kuma yi gautsi. Irin wannan rini na roba take buƙata, kuma shi ma ba ya kama wurin da aka taɓa shafa wa silikon sai an wanke da sabulu an bi da sifirit. Don haka idan mai mota ya ce yana da niyyar rina ta, nakan wanke bambar in bar ta haka nan, in rage masa kuɗin man.