Yadda na kwashe kod ɗin shafina zuwa sabon masauki

Tun 2016 nake da ɗan shafina na intanet, inda nake ajiye rubuce-rubucena da hotuna da bayanan ayyukan da nake yi. Masu karanta shi ba su da yawa, amma ina ji da shi ƙwarai. Kod ɗinsa gaba ɗaya, wato fayilolin rubutu da na ado da 'yan umarnin da ke harhaɗa su su zama shafi, yana zaune ne a ma'ajiyar Git, wato manhajar da ke adana tarihin kowane gyara da aka yi wa fayiloli, a wani kamfanin masauki, kuma kamfanin ne ke gina shafin ya fitar da shi duk lokacin da na tura sabon abu. Da sharuɗɗan zama a wurin suka fara sauyawa ta hanyar da ba ta kwanta mini ba, sai na tuna da Google Code, masaukin kod na kamfanin Google. A watan Maris na 2015 aka sanar za a rufe shi, zuwa farkon 2016 aka rufe, mutane suka yi ta rububin kwashe ayyukansu. Bitbucket ma, wani masaukin kod, ya daina ɗaukar ma'ajiyar Mercurial, wata manhaja irin Git, a 2020. Ban so ranar tashi ta riske ni cikin gaggawa ba, don haka na yanke shawarar in tashi da ƙafata tun ina da sukuni.

Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Kwashe kod ɗin kansa ma bai kai haka ba. Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005 domin aikin Linux, kuma ya tsara shi ta yadda duk wanda ya kwafi ma'ajiya ya kwafi tarihinta kaf, tun daga gyara na farko. Saboda haka kamfanin masauki bai riƙe wani asali da ba ni da shi ba. Na yi git clone --mirror don in sauko da komai, rassa da alamomi duka, na buɗe ma'ajiya wadda babu komai a cikinta a sabon wurin, na sa mabuɗina na SSH, wanda ke shaida wa masaukin cewa ni ne, sannan na yi git push --mirror. Wasu layukan kuskure sun fito, gabana ya faɗi, amma da na karanta su a tsanake sai na ga wasu ɓoyayyun alamomi ne da tsohon masaukin ke ƙirƙira wa kansa, sabon kuma ya ƙi karɓarsu. Ba su shafi aikina ba. Don in tabbatar, na kwatanta lambar shaidar gyara na ƙarshe a ɓangarorin biyu, wannan doguwar lamba mai haruffa da alƙaluma 40. Sun zo daidai. In wannan lamba ta dace, duk tarihin da ke bayanta ya dace, domin kowane gyara yana ɗauke da shaidar wanda ya gabace shi. A kwamfutata na yi git remote set-url origin na ba ta sabon adireshi, na ce an gama.

Ashe ba a ma fara ba. Shafin ya ƙi ginuwa.

Abu na farko, adon shafin. Shekaru da suka wuce na ware shi a wata ƙaramar ma'ajiya ta daban na rataya ta a jikin babbar, kuma adireshin tsohon wurin yana nan a rubuce cikin fayil ɗin .gitmodules. Wannan mai sauƙi ne, na kwaso ita ma na gyara adireshin. Sai manyan hotuna. Na manta cewa na taɓa sa su ƙarƙashin Git LFS, wanda ke ajiye ainihin fayil a gefe ya bar ɗan guntun rubutu a madadinsa. Abin da na kwasa guntayen ne kawai. Sai da na koma na yi git lfs fetch --all sannan na tura su da git lfs push --all. Jerin matsaloli da tunatarwar da na riƙa rubuta wa kaina a shafin kamfanin kuwa ba sa cikin Git sam, da hannu na kwafi waɗanda nake bukata na bar sauran.

Inda na fi daɗewa shi ne umarnin ginin shafi. Da Hugo, wata manhajar gina shafuka, nake haɗa shafina, kuma a zatona Hugo ne ke yin dukan aikin. Da na zauna in sake rubuta umarnin da yaren da sabon masaukin ke ganewa, sai na gano abubuwa da dama ban san inda suke ba. Wane zubi na Hugo ake amfani da shi? Na taɓa zaɓarsa a wani akwati a shafin saiti, shekaru da suka wuce, ban rubuta ko'ina ba. Sabon wurin ya ɗauko na baya-bayan nan, adona kuma an rubuta shi ne don tsoho, sai kurakurai suka yi ta zubowa. Mabuɗin sirri da fom ɗin tuntuɓa ke amfani da shi, shi ma yana can cikin saiti, kuma a wurin da zarar an adana irin wannan mabuɗi ba a sake nuna maka shi, dole na je na yanki sabo. Har da dokar da ke cewa a gina shafi daga wane reshe, ita ma danna maɓalli na yi wata rana na manta. A nan na fahimci cewa rabin abin da ke sa shafina ya yi aiki ba ya hannuna, yana warwatse a akwatunan wani kamfani. Zanen aro ne na daɗe ina ɗaurawa ina ganin nawa ne.

Wannan ya sa na dakatar da ƙaurar na kwana biyu na yi wani aiki da ban shirya ba. Na rubuta ɗan fayil guda na umarni, na sa shi cikin ma'ajiyar, wanda ke faɗin zubin Hugo da ake bukata, ya sauko da adon, ya gina shafin, ya ajiye sakamakon a jaka ɗaya. Umarnin da ke ɓangaren masauki ya koma layi kaɗan, aikinsa kawai ya kira wannan fayil. Na kuma buɗe wata takarda a ma'ajiyar na jera sunan kowane mabuɗin sirri da amfaninsa da inda ake samun sabo, ba tare da na rubuta mabuɗin kansa ba. A ganina wannan ne aiki mafi amfani a duk ƙaurar, kuma da na yi shi tun 2016 da ban sha wannan wahala ba.

Ana cikin haka na tsinci abin da ya tayar mini da hankali. Ina so in buɗe ma'ajiyar kowa ya gani a sabon wurin, sai na bi tarihinta, na tarar da wani tsohon mabuɗi da na taɓa rubutawa cikin fayil a shekarar farko. Na goge shi daga baya, amma Git ba ya mantuwa, yana nan a tsohon gyaran. Akwai git filter-repo da ke iya sake rubuta tarihi ya cire irin wannan, sai dai duk lambobin shaidar da suka biyo baya za su sauya. Abin da na fara yi shi ne na je na soke mabuɗin daga tushe, domin sirrin da ya taɓa fita a ɗauka ya fita ke nan. Da ya zama mataccen mabuɗi sai na bar tarihin yadda yake.

Sai maganar adireshi. Sa'ar da na yi ita ce sunan shafin nawa ne na kaina, ba wanda kamfani ya ara mini ba, don haka masu karatu ba su bukaci koyon sabon suna ba. Kwana biyu kafin sauyin na rage wa'adin da sabobin DNS, masu nuna wa burauza inda sunan shafi yake zaune, ke riƙe tsohon bayani, daga daƙiƙa 86400, wato kwana guda cur, zuwa 300. Wannan ya yi amfani sosai, domin da na sauya bayanan A da CNAME, waɗanda ke nuna inda shafin yake, cikin 'yan mintuna yawancin masu shiga suka fara isa sabon wurin. Bayanan MX ban taɓa su ba, saboda imel ɗina yana kansu, kuma na duba sau uku kafin in danna. Amma ɗan kwaɗon nan na tsaro ya ƙi fitowa, burauza tana ta gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne. Sabon masaukin daga Let's Encrypt, wata hukumar bayar da shaidar tsaro, yake karɓo takardar shaida, irin mai kwana 90 da ke sabunta kanta, ni kuwa ina da wani bayanin CAA da na sa tuntuni wanda ya ba wata hukuma daban kaɗai izinin bayar da takarda da sunana. Kuskurena ne, kuma ya ci mini kusan awa uku shafin yana tsoratar da mutane kafin in gano shi.

Washegari wata mai karatu ta aiko mini da saƙo cewa wani tsohon rubutu da ta adana ya ɓace. Rubutun yana nan. Tsohon masaukin yana buɗe adireshi ko da an bar .html a ƙarshe ko an cire, sabon kuma ba haka yake ba. Hakan na nufin duk wanda ya taɓa raba mahaɗin rubutuna ta ɗaya sigar yanzu shafin kuskure na 404 yake gani. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin mutane ne suka amince da adireshin suka miƙa wa wasu. Na ɗauko taswirar tsohon shafin, na gwada adireshi ɗaya bayan ɗaya da ɗan umarni, na sa juyawa ta 301, wadda ke tura mai shiga zuwa sabon adireshi, ga duk wanda ya karye, na ajiye jerin a cikin ma'ajiyar. Na kuma duba RSS, hanyar da ke sanar da masu karatu sabon rubutu, don kada masu bin shafin su ga tsofaffin rubutu sun dawo musu kamar sababbi.

Tsohuwar ma'ajiyar ban goge ta nan take ba. Na kulle ta yadda ba a iya ƙara komai, na bar sanarwa a fuskarta mai nuna sabon wuri. Sai da na tabbatar babu wani bayanin DNS da ya rage yana nuni can kafin na cire sunan shafina daga saitinta, domin adireshin da aka bari yana nuna wurin da babu mai shi, wani na iya zuwa ya kama wurin ya saka abin da ya ga dama da sunanka.

Bayan mako guda na ari kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikina ba, na sauko da ma'ajiyar, na kira fayil ɗin nan guda. Cikin minti biyu shafin ya tsaya a gabana, da hotunansa da adonsa, har da rubutun da mai karatun nan ta nema.