Amo da Nauyin Maɓalli a Piyanon Lantarki

Duk lokacin da na zauna gaban piyanon lantarki domin gwaji, nakan fara da rage sauti gaba ɗaya, in riƙa danna maɓallan shiru, domin amo mai daɗi yana iya ɗauke hankalin mutum daga abin da yatsunsa ke gaya masa. A yawancin ƙananan kibod masu maɓalli 61, sifirin ne ke mayar da maɓalli sama, shi ya sa yake ƙara ture yatsa yayin da ya doshi ƙasa. A masu maɓalli 88 da aka yi domin kwaikwayon piyanon katako kuwa, yatsa yana ɗaga ɗan ƙarfe mai aikin guduma, kuma maɓallan hagu sun fi na dama nauyi, tunda a piyanon ainihi gudumar da ke bugun kakkaurar tsirkiya ta fi girma.

Na daɗe ina kwatanta piyanon lantarki guda biyu masu maɓalli 88, Yamaha P-45 da Roland FP-10. Maɓallin Yamaha ya fi sauƙin dannawa, hannu ba ya saurin gajiya a kansa. Na Roland ya fi nauyi, saman maɓallin ba shi da santsi sosai, kuma idan aka danna shi a hankali ana jin ɗan cijewa kafin ya kai ƙasa. Na'urori uku ne ke gane motsinsa, na Yamaha kuwa biyu, saboda haka a na Roland ana iya maimaita amo ɗaya ba sai maɓallin ya dawo sama duka ba. Ni dai na fi son na Roland wajen kiɗa mai taushi, ko da yake nauyinsa yakan gajiyar da ni idan kiɗan ya yi sauri.

Ta fuskar amo, hanyoyi biyu ake bi. Ko dai a naɗi sautin babban piyano a matakan ƙarfi daban-daban, kamar yadda kamfanin Yamaha ke naɗar piyanon CFX da na Bösendorfer, kamfanin Kawai kuma na SK-EX, ko kuma a bar kwamfuta ta lissafa yadda tsirkiya da katako za su amsa, kamar manhajar Pianoteq da ta fito a Faransa a 2006. Naɗaɗɗen sauti yakan fi kama kunne a bugun farko, amma idan matakan naɗin ba su da yawa, za ka ji amon ya yi tsalle daga laushi zuwa kaifi maimakon ya hau sannu a hankali. Gwajin da ba ya ba ni kunya shi ne in danna maɓalli ɗaya sau goma, kowane bugu ya ɗara na baya ƙarfi kaɗan, sannan in riƙe wani na ɓangaren hagu in saurari yadda amonsa ke mutuwa.

Yawan amon da na'ura ke iya fitarwa lokaci guda, 64 ko 192, bai cika damuna ba sai idan ana yawan taka feda, wato abin da ake takawa da ƙafa domin amo ya daɗe bai mutu ba.

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin amo da maɓalli, maɓalli zan fifita, domin ta hanyar MIDI, wato tsarin aika saƙo tsakanin kayan kiɗan lantarki da kwamfuta wanda ake amfani da shi tun 1983, ina iya haɗa kibod da kwamfuta in sauya amon gobe, amma gudumar da ke ƙarƙashin yatsuna ita ce zan ci gaba da ɗagawa kullum muddin na'urar tana hannuna.