Tankin kifi bayan cutar farin ɗigo

Cutar farin ɗigo ta kwashe min kifayen tanki kaf, Allah Ya mayar da alheri. Da ɗigo-ɗigo take farawa a jiki da wutsiya, kamar an barbaɗa gishiri. Can sai ka ga kifi yana goga jikinsa da duwatsu, yana haki a saman ruwa.

Masu ba da shawara suka yi ta cewa in zubar da komai in wanke da sabulu. Ban yarda ba, don ragowar sabulu guba ce ga kifi. Ƙwayar cutar nan sai da jikin kifi take rayuwa. In aka bar tanki ba kifi kamar mako biyu, aka ɗaga zafin ruwan zuwa digiri 30, za ta ƙyanƙyashe ta rasa inda za ta maƙale, ta mutu.

Abin da na fi lallaɓawa shi ne soson matatar ruwa. Wannan dattin da ke jikinsa gidan bakteriya ne masu amfani, su ke sarrafa amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi. A tsohon ruwan tanki na ɗauraye shi, tunda kulorin ɗin ruwan famfo kashe su yake. Nakan jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe don bakteriyan su samu na ci. Tsakuwa kuwa na zuƙe ta da tiyo, ruwan da ya fito baƙi ƙirin.

Sababbin kifayen suna wani ƙaramin tanki, sai sun yi wata guda lafiya lau za su shigo.