Abin da hostal ya koya min game da "ɗan Arewa"

Ranar da sunana ya fito a adimishan ɗin ABU Zariya, a raina cewa na yi ai gida zan je, jami'ar Sardauna ce, kowa Bahaushe ne ko Bafulatani. Ban yi sati biyu a Samaru ba na gane ashe Arewar da nake tinƙaho da ita ma ban san ta ba.

A ɗakinmu na hostal akwai Batibi daga Binuwai, akwai ɗan Igala daga Kogi, da wani Bajju daga kudancin Kaduna, ga kuma Babarbare wanda Hausarsa ma ba ta gama nuna ba, kuma duk cikinsu ba wanda zai yarda ka kira shi baƙo a makarantar nan. Da gaskiyarsu wallahi. Lokacin da aka buɗe ta a 1962 Jihar Arewa guda ɗaya ce, tun daga Sakkwato har Makurɗi, daga Maiduguri har Ilori, kuma don 'ya'yan wannan faɗin ƙasa gaba ɗaya aka gina ta. Ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta, Farfesa Ishaya Audu, daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne Kirista, likitan yara. Ni sai da na shiga aji biyu na san haka, kuma abin ya daɗe yana min yawo a kai.

Daga baya na fahimci cakuɗuwar nan tsara ta aka yi. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na gurabe na masu maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar a yankinta, sauran kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen karatun boko. Da na ɗauka wannan na ƙarshen mu 'yan Arewa kaɗai aka yi wa, ashe har Ebonyi da Bayelsa suna ciki. Ni dai ina goyon bayan tsarin, don da maki zalla za a bi da akwai ƙananan hukumomin da za su shekara goma ba su fitar da likita ko injiniya ba.

Amma akwai inda yake min ciwo. Muna da wani abokin karatu Ibo, a Arewa aka haife shi, nan ya yi firamare da sakandare, idan yana zuba Hausa da karin magana sai ka rantse kakansa ma a nan aka binne cibiyarsa, shi ne ma yake gyara min rubutun Hausa a wani kwas da muka ɗauka tare. To amma a fom jihar asali ake tambaya, shi kuma tasa tana kudu maso gabas, garin da sai shekara-shekara yake leƙawa, don haka a lissafin gurabe ba ɗan yanki ba ne, da maki kawai ya shigo. Wata rana a laburaren Kashim Ibrahim ya ce min, malam, ni fa idan na je can ce min suke Bahaushe ya zo, a nan kuma takarda ta ce ba ɗan nan ba ne. Shiru na yi, ban samu abin ce masa ba.

Ko sunan da Zariya ta yi a fannin zane-zane, ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kwalejin da daga baya ta shiga cikin ABU, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, 'yan kudu ne, amma har gobe da sunan Zariya ake kiran su.

Tun daga ranar maganar nan ta laburare na daina tambayar mutum ɗan wace jiha ne a haɗuwar farko. Ina ka taso nake cewa. Abokin nan nawa kuwa har yanzu idan ya kira ni a waya da Hausa muke yi daga sallama har sai anjima.