Fatsar ƙuda, daga duwatsun Pirene zuwa bakin Isa

Jiya bayan la'asar na sauka bakin kogin Isa a Yamai can ƙasan gadar Kennedy, ruwa jawur kamar an dama jar ƙasa, dama haka yake duk ƙarshen damina in kogunan Sirba da Dargol da Gorwal sunka kwaso laka daga wajen Burkina sunka juye mana. Ina tsaye sai wata fara ta taso daga ciyawa ta faɗa ruwa, ko ƙiftawar ido ba a yi ba wani abu ya taso daga ƙasa ya cafke ta, sai ɗan zobe ya rage bisa ruwa. Wallahi nan take zuciyata ta koma Faransa.

Lokacin da nake karatu a Tuluz akwai wani tsoho maƙwabcina, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, kullum in na wuce tagarshi sai in gan shi duƙe da tabarau yana naɗa zare jikin ƙugiya ƙarama da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ga gashin wuyan zakara ga gashin zomo a baje bisa tebur. Ni ɗan Tawa ne, abin da na sani na fatsa shi ne ka tono tana ka soka a ƙugiya ka jefa ka zauna, haka muke yi a Tabalak in munka je hutun lakkwal. Shi kuwa tsohon nan ƙwaro yake ƙerawa da hannunshi, su suna ce mishi mush wato ƙuda, kuma da shi yake yaudarar kifin da suke kira turwit.

Cikin Satumba ya ce in shirya mu tafi, saboda lokacin kamun turwit ya kusa rufewa. Sai da na sayi katin izinin su tukuna, can ba ka jefa ƙugiya a kogi ba tare da shi ba. Munka hau mota munka wuce Fuwa munka nufi wajen Taraskon cikin duwatsun Pirene, inda kogin Ariyej yake gangarowa. Kakarsu ta fara shigowa, ganyen itace ya soma komawa ruwan ɗorawa, safiya da sanyi kamar tsakiyar hunturunmu, ruwa kuma garau kana ƙirga tsakuwar ƙasa ɗaya ɗaya. Ya ba ni wandon roba mai zuwa har ƙirji munka shiga, amma duk da haka sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Turwit kifin sanyi ne, in ruwa ya wuce digiri 20 ya fara wahala ke nan, shi ya sa ba za ka taɓa ganin shi a Isa ba.

Jifar ita ce aikin. Ƙudan ba shi da nauyi ko kaɗan, to igiyar ce mai kauri da nauyi, ita kake kaɗawa sama gaba da baya da sanda mai tsawon kusan mita 3 har ta miƙe, sannan ka sake ta ta kwanta bisa ruwa a hankali, can ƙarshenta siririn zare wanda ido bai cika gani ba ya aje ƙudan kamar shi ya faɗo da kanshi. Kuma kifin kullum kanshi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa yana jiran abin da zai kawo mishi, to kai ta bayanshi za ka biyo, kana hawa sama sannu sannu, ba ka bari inuwarka ta faɗa kanshi. In igiya ta ja ƙudan ya yi gudun da ya fi na ruwa ko da kaɗan ne, shi ke nan ya gane, ba zai taso ba. Awa uku ina fama, igiya ta sarƙe a reshe ta sarƙe a hulata, tsoho bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, sai dai ya riƙe mini gwiwar hannu ya ce jira igiyar ta gama miƙewa baya tukuna.

Da rana ta ɗaga ciyawar bakin kogi ta ɗumama sai ya canza mini ƙuda, ya ɗaura wani mai kamar fara, ya ce ƙarshen bazararsu zuwa farkon kaka fara na yawan faɗawa ruwa kuma manyan kifi sun san da haka. Daɗi ya kama ni, na ce mishi mu a Nijar soya ta muke da yaji muna ci. Na jefa ƙarƙashin wata gaɓa inda ruwa ya ci ƙasa, farar ta yi tafiyar da ba ta fi taki biyu ba sai na ga baki ya buɗe. Irin bugun da ƙirjina ya yi har yau ban manta ba. Da ya zo hannu na ga kifi mai ruwan zinariya, jikinshi duk ɗigo ɗigo baƙi da ja, jan kuma da farin zobe kewaye, Allah mai halitta. Tsoho ya ce in jiƙa hannuna kafin in taɓa shi don kar in goge santsin jikinshi, ya zare ƙugiyar wadda dama ya danne mata haƙori, ya shafa cikin ya ce mace ce ta fara ɗaukar ƙwai. Ta wuce tsawon da doka ta ce, muna iya tafiya da ita. Ya dube ni kawai. Na sa ta cikin ruwa na riƙe har ta motsa wutsiya ta sulale.

A hanyar komawa ya yi mini bayani. Ranar Lahadi ta uku ta Satumba ake rufe kamun turwit a irin waɗannan koguna, ba a buɗewa sai Asabar ta biyu ta Maris, don daga Nuwamba zuwa Janairu macen ke tone tsakuwa da wutsiya ta zuba ƙwai ta rufe, kuma ko taka wurin anka yi ƙwan ya lalace. Kusan wata shida kogi na hutawa.

Wannan ne ke cina tun da na dawo. Namu kifin da damina yake haihuwa cikin fadamun da ruwa ya malale, yanzu da kaka ƴaƴan ke nan birjik a bakin gaɓa, kuma da idona na ga ana jan gidan sauro ana kwashe su, karfasa da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ba na zagin kowa, mutumin da bai da na cefanen dare ba za ka ce mishi ya jira Maris ba, tsohon Tuluz fanshonshi na shigowa duk wata ko ya kama ko bai kama ba. Amma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne wurinmu, ga Argungu nan kusa, Matan Fada ana hana kamun kifi a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake fiddo giwan ruwa wanda sai an taru ake ɗauka.

Jiyan nan na tarar da wani dattijo basarke yana gyaran birgi bakin jirginshi, na gaishe shi na ce Baba mi ya cafke farar nan? Ya ce kawara ce ɗana, ita ke kiwo sama. Na fiddo waya na nuna mishi hoton ƙudajen da tsoho ya ba ni cikin ɗan akwati ranar da zan taho, ya daɗe yana kallo ya ce a wanga jan ruwa ba za ta gani ba, ka bari sai baƙin ruwa ya iso daga Gine wajen Disamba, amma ka sa wayar ƙarfe bakin zaren, in tsage ya kawo hari da haƙoran nan nashi yanke shi zai yi. Ya ce in zo da asuba zai ƙetara da ni wajen tsibiri. Yau da safe na biya kasuwa wurin masu fige kaji na roƙi gashin wuyan zakara ja, fara nake so in fara ɗaurawa.