Jan layin nan da ya ci min wata biyu

Har yanzu in na tuna warin nan sai raina ya ɓaci wallahi. Wari ne kamar an jefa leda cikin murhu, ga wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan bod ɗin na'urar kiɗan lantarkin da nake haɗawa, ko sakan uku ba a yi ba aikin sati biyu ya tafi.

Osilata ce, wato ɓangaren da ke samar da sauti a na'urar kiɗa ta synthesizer, ta farko da na haɗa da hannuna, irin ta Eurorack, tsarin nan na haɗa na'urar ɓangare-ɓangare da Dieter Doepfer na Jamus ya fito da shi wajen tsakiyar shekarun 1990 wanda yanzu kowa ke bi. Kit na yi oda daga waje, na jira har na gaji, ya zo da bod da rasistoci da kafasitoci da aisi (ƴan baƙaƙen cif ɗin nan masu ƙafafu) guda biyu, AS3340 wanda shi ne ke fitar da sautin, da TL072. Liƙa dalma bai ba ni wahala ba, tun ina sakandare nake farke rediyon gidanmu ana zagina. Rasista ɗaya bayan ɗaya duk sai da na auna da mita kafin na sa, ina ta jin kaina.

Inda na kwafsa shi ne wajen da wayar wuta ke shiga, ɗan baƙin soket ɗin nan mai ƙafa 10 da ke da tsaga a gefe ɗaya. Ranar an ɗauke wuta, na tada janareto don ayan ɗin liƙa dalma ya yi zafi, mai ya kusa ƙarewa ina sauri, ga fitilar waya a baki na, kawai na dasa shi a juye na liƙe. Kowa ya san jan layin jikin wayar shi ne -12V, ni ma na sani, a jikin bod ɗin ma an rubuta. Amma da na zo jonawa ban ko kalli jan layin ba, na ce ai tunda akwai tsaga ba yadda za a yi ta shiga ba daidai ba. To ta shiga kuwa lafiya lau, sai dai +12 ya tafi inda -12 zai je. Kuma kit ɗin ba shi da dayod ɗin kariya, wasu suna sa 1N5817 guda biyu don irin wannan ranar, nawa babu, ban kuma lura ba sai bayan ɓarna.

Hajiyarmu daga tsakar gida ta ɗaga murya, wai kai me kake ƙonawa a ɗakin nan. Na ce ba komai Hajiya. Ba komai ɗin nan kuɗina ne na wata guda.

TL072 ba matsala, washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na samo shi da kafasitocin da suka kumbura. Wani dattijo mai gyaran amfilifaya da na nuna wa bod ɗin ya juya shi sau ɗaya ya ce yaro ai ƙofar ka sa a baibai, ka auna kafin ka ba shi wuta? Na ce a'a Baba. Bai ce komai ba ya miƙo min, shirun nan ya fi zagi ciwo. AS3340 kuwa na zaga ban samu ba, dole sai oda kuma, ga dala yadda take, kuɗin kawowa ya fi kuɗin aisin kansa, sai da na ƙara jiran kusan wata biyu akwatin na zaune yana kallona.

Abu ɗaya da ya cece ni, aisin duka a kan soket na ɗora su ban liƙe su kai tsaye ba, don haka cirewa kawai na yi. Amma cire baƙin soket ɗin wutar nan mai ƙafa 10, kai, na sha wuya, har na ɗaga layin tagulla ɗaya sai da ƴar waya na yi masa gada, tana nan har yau abin kunya.

Yanzu ko waye ya haɗa waya ban yarda da tsaga ba, jan layi nake bi da ido daga wannan kai zuwa wancan. Kuma ba na sa aisi sai na kunna bod ɗin babu su, na ɗora mita a ƙafa ta 8 da ta 4 na soket ɗin TL072 na ga +12 da -12 kowanne a gidansa. Minti ɗaya ne fa. Minti ɗayan da na ƙi bayarwa saboda man janareto.

Ranar da ta yi kuka kuwa, wani ƙara ne mara daɗi kamar sauro ya shiga lasifika, sai da na kwashe awa ina murɗa ƴan tirimomin saiti don ta bi bolt ɗaya a kowace oktaf, wato ƙa'idar da ke sa muryarta ta hau daidai. Ƙanena ya leƙo ya ce Yaya duk wahalar nan don wannan ƙarar ce? Na ce fita ka ja min ƙofa.