Rani Biyu Ina Bin Kusheyin Ƙauye

Ranar da na fara wannan aiki, na fita da littafin da na ja wa layuka da hannuna: gurbin suna, gurbin sunan uba, gurbin shekarar haihuwa, gurbin shekarar rasuwa. Dattawan ƙungiyar ci gaban garinmu ne suka ɗora mini nauyin, ganin na karanta tarihi a jami'a. Suna so a tattara salsalar gidajen da suka kafa ƙauyukan yankinmu a gabashin Katsina tun masu sani ba su ƙare ba. A karatu na ga yadda masu bin asali suke yi a Ingila da Amurka, su shiga makabarta, su kwafe abin da aka sassaƙa jikin duwatsu, su koma gida da sunaye da shekaru. Na ɗauka ni ma abin da zan yi ke nan. Makabartar farko da na shiga, tun hantsi nake zagaye har aka kira azahar, ban ga ko harafi ɗaya ba. Tudun ƙasa ne a jere, wasu sun kwanta har sun saje da fili, wasu an kafa musu guntun itace ko tsingaro wajen kai. Na koma gida littafina fari fat.

Da farko na ɗauki abin a matsayin sakaci, har raina ya ɓaci. Limamin wani ƙauye ne ya warware mini. Ya tuna mini hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya hana a shafe kabari, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa, a ruwayar Tirmizi kuma har da rubutu. Sannan ya kawo wanda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa da aka binne Usmanu ɗan Maz'un, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa don ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne waɗanda suka rasu cikin iyalinsa kusa da shi. Tsingaron nan da na raina, ashe shi ne dutsen. Alama ce ga wanda ya riga ya sani, baƙo ba ta gaya masa komai. A makabartun birni yanzu akan ga 'yan allunan ƙarfe masu suna da kwanan wata, amma a ƙauye sai ka yi da gaske kafin ka ga guda.

A ƙauye na biyu na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Na ajiye babur a bakin hanya na shiga makabarta ni kaɗai, riƙe da waya ina ɗaukar hoto. Kafin in ankara samari sun kewaye ni. Ban ga laifinsu ba. Labarin masu tone kabari don tsafi ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan, kuma ga baƙo yana sunkuyawa kan kabarin iyayensu ba wanda ya san daga ina ya fito. Suka tasa ni gaba har ƙofar gidan dagaci. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, tuba nake, aikin tarihi ne ya kawo ni." Ya karanta takardar da na zo da ita, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Yaro, gidan mai rai ma sai da sallama ake shiga." Tun daga ranar ban ƙara taka makabarta ba sai na bi ta hannun dagaci, shi ya haɗa ni da mai unguwa, mai unguwa ya kai ni wajen liman, liman ya sa a kira masu haƙa. Wani lokaci wannan kaɗai yakan ci mini kwana uku, kuma ban taɓa yin asararsu ba, don a zaman jiran nan nake jin rabin abin da na zo nema.

Masu haƙa kabari su ne littafin da na fita nema. Dattijon da na fi daɗewa tare da shi manomi ne, ba a biyansa ko sisi, ya gaji aikin wajen mahaifinsa don neman lada. Idan muka shiga, sai ya yi wa mamata sallama, ya tuɓe takalmi, ya riƙa bin 'yar siririyar hanya tsakanin kaburbura yana nuni da sanda: wannan sashe na gidan maƙera ne, daga gindin aduwar can zuwa tururuwar nan mutanen gidan liman ne, can gefen yamma baƙi ne da Fulanin da ajali ya riske su a mashekari. Ni ina ganin fili ɗaya, shi yana ganin unguwanni. Na tambaye shi, "Baba, yaya kake gane inda ba kowa, tunda duk ya baje?" Ya ce ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take, da an sa diga hannu yake ji. In kuwa aka yi rashin sa'a aka tarar da ƙashi, sai a mayar a rufe, a yi addu'a, a matsa gaba.

A wajensa na koyi karanta kwanciyar kabari. Mamaci yana kwance ne a kan damansa yana fuskantar alƙibla, saboda haka a ƙasarmu kai yana kudu, ƙafa tana arewa. Ko tudu ya baje, in ka ga 'yan lotsawa masu tsawo sun jeru kudu da arewa, to kana tsaye a tsohuwar makabarta. Jerin kansa ma labari ne. Inda ake binnewa bi da bi, wanda ke kusa da wani yawanci shi ya bi shi rasuwa, don haka in ka san shekarar mutum ɗaya a layi, ka sami abin auna na maƙwabtansa. Akwai wani wuri da ya tsaya ya yi shiru, sai na ga ƙananan kaburbura a matse da juna, sun fi ƙarfin a ce mutuwar yau da gobe ce. Ya ce shekarar sanƙarau ce. Da na bi lissafi da shekarun 'ya'yansa, sai ta faɗo a 1996, shekarar da annobar ta yi ɓarna a arewacin Nijeriya. Na daɗe tsaye a wurin ban iya rubuta komai ba.

Gurbin shekara da na ja a littafina bai yi amfani ba sai da na sauya tambaya. Ba wanda zai ce maka kakansa ya rasu a shekara kaza. Amma zai ce zamanin Dikko ne, ko Nagogo bai daɗe da hawa ba, kai kuma ka san Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. Sai ka ƙara matsawa: kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, wato 1956? An kashe Sardauna, 1966? An yi canjin hannun tuƙi, 1972, ko canjin kuɗi, 1973? Tsofaffi kaɗan ma sukan ce iyayensu sun ba su labarin wane ya tafi a yunwar Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Da haka kake tsuke tazara daga shekara talatin zuwa biyar, wani lokaci zuwa damina guda. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa tana nan tun 1992, amma a duk yawona ban haɗu da gidan ƙauye da ya ciro mini takardar shaidar rasuwa ba. Abin da aka ciro mini, daga cikin tsohuwar adaka ko gwangwani, takardun haraji ne. Da yake an soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina tana cikinta, duk wanda aka sami takardarsa ka san ya kai munzalin biya kafin wannan shekara, kuma yana raye a shekarar da aka rubuta.

Sai dai mai haƙa ya san inda mutum yake kwance, bai cika sanin wa ya haifi wa ba, balle ta wajen uwa. Wannan ilimi yana cikin gida, wajen tsofaffin mata waɗanda ba su taɓa raka gawa makabarta ba. Na yi wata guda ina tattara sunayen maza zalla kafin in gane salsalar da nake ginawa ƙafa ɗaya gare ta. Ni kuma ba ni da ikon shiga gidajen mutane, sai na roƙi gwaggona ta riƙa raka ni. Ita take shiga, ta zauna a tabarma, a yi ta hira ana ɓarar gyaɗa, in an yarda ta kunna wayar ɗaukar murya. Wata tsohuwa ta lissafa mata kakanni har hawa shida, da wadda aka auro daga wane gari, da wadda ta fita ta sake aure a ina, da 'ya'yan da suka koma tun suna jarirai aka binne su a bayan ɗaki, waɗanda ba wani namiji da ya ambata mini su.

A nan kuma kunya ta tare mu. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko da ya shekara arba'in a ƙasa, haka ɗanta na fari, haka surukinta. Sai ta ce "mai gidan nan", ko "mai sunan Malam". Gwaggo takan ce, "Iya, to wa ya ci sunansa cikin jikoki?" Sai a nuna wani yaro da ake kira Abba ko Baba, a tambayi uwarsa sunan yanka, a samu. Laƙabi ma na koyi sauraronsa da kyau, don yana ɗauke da tarihin gida. Tanko ya biyo mata ne, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa an haife shi bayan rasuwar ubansa. Da na ji Audi, na san shekarar haihuwarsa ita ce ta rasuwar uban, ko abin da bai kai shekara ba tsakaninsu, kuma sau da dama ta nan na cike gurbin da na rasa.

Rani na biyu na koma neman makabartun da aka daina binnewa a cikinsu, na garuruwan da suka tashi. Bayan girbi ya fi, lokacin da karan dawa ya kwanta, ciyawa ta bushe. Kufai ba ya ɓuya ga wanda aka nuna wa sau ɗaya: kukoki a cure wuri guda, tsingaro birjik a ƙasa, bakin tsohuwar rijiya, wani wuri ramukan karofi. Makabartar takan kasance ɗan nesa kaɗan, kuma alamarta mafi ƙarfi ita ce tsibirin da manomi ya kewaye ya ƙi sa garma, sabara da geza suka cinye shi a tsakiyar gona. A hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth irin wannan wuri yakan fito kamar tabo, amma fako ma haka yake fitowa, don haka sai ka je da ƙafarka ka tambayi mai gonar. Abin da ya fi damuna shi ne tsibiran nan suna tsukewa. Uba ya bar kadada, ɗa ya ci gefe, jika ya ci wani gefen, ba don mugunta ba, gona ce ta yi kaɗan kuma ba wanda ya gaya masa su wa ke ciki. Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, sunanta ma kaburbura yake nufi, kuma tuddanta sun tsira har Baturen mulkin mallaka Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, saboda manya ne a ciki, an tara musu ƙasa mai yawa. Talaka ba shi da wannan tudu. A gidan adana takardun tarihi na Kaduna ma haka na tarar: rahotannin jami'an mulkin mallaka sun kawo sunayen ƙauyuka, da jerin dagatai, da yawan masu biyan haraji, sun taimake ni wajen gano garuruwan da suka ɓace, amma manomi da matarsa lamba ce kawai a ciki.

Akwai abin da na ji na kuma ƙi rubutawa. Bin asali a ƙasar Hausa ba ya nisa sai ya ci karo da bauta. Wani sashe na wata makabarta aka ce mini na mutanen rinji ne, wato ƙauyen bayi, jikokinsu kuwa suna nan, wasu sun yi auratayya da gidan da ya mallaki kakanninsu. Malamaina sun koya mini kada in ɓoye gaskiya, kuma ban ƙaryata komai ba, amma na ga kalma ɗaya a takarda tana iya kashe aure ko ta hana yarinya miji. Na ajiye wannan a littafi dabam, wanda ya zo neman na gidansu shi kaɗai nake buɗe wa. Haka na yi da lambobin taswira da na ɗauka na kowace makabarta: kwafi ɗaya wajen dagaci, ɗaya wajen liman, ban sa ko ɗaya a intanet ba. Sau biyu kuma aka nemi in ba da shaida a rikicin gona, wai kabarin kakan wane yana ciki, na ce abin da na rubuta ji na yi, ban gani ba.

Ana cikin haka wani magidanci ya same ni a kasuwa. Daga yammacin jihar ya taso da iyalinsa, wajen Batsari, bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Ya ji an ce ina rubuta kaburbura. Na ce masa aikina bai kai can ba, kuma ba halin zuwa. Ya ce, "Malam, na sani, rubuta kawai." Muka zauna a rumfar mai shayi ya yi mini kwatance: in ka fita ta hanyar rafi, ka wuce kuka mai kogo, akwai magarya biyu, mahaifinsa yana gabas da ta biyun, taku bakwai, mahaifiyarsa tana bayansa, sai 'yarsa da ƙyanda ta ɗauke. Na karanta masa abin da na rubuta, ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce taku tara ne. Sannan ya sa na yi masa kwafi, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya ce babban ɗansa zai ba, don yaron yana da shekara shida suka baro garin.